Rasit ɗin Baba Nyirenda

Shekara ashirin da biyu Gomezgani Nyirenda yana tuƙa bas a garin Germiston, kuma duk cocinsu an san abin da yake taƙama da shi: tun da ya baro Malawi bai taɓa ba ɗan sandan hanya kuɗin lemo ba. Har shaida gare shi, wani rasit da ya liƙe da roba yana yawo da shi a aljihu.

Labarin rasit ɗin kuwa, kunnen kowa ya gaji da shi. Wata rana, shekara goma sha biyar da suka wuce, ya keta jar fitila, ɗan sanda ya tare shi, ya shafa maƙogwaro ya ce ƙishirwa yake ji. Direban kirki rand ashirin zai miƙa a rabu lafiya. Nyirenda sai ya ɓarke da wa'azi, ya ce a tafi caji ofis. A can ya sa hannu a takardar amsa laifi, ya biya tara, ya fito yana ɗaga kafaɗa.

Bana aka ce za a ba shi shugabancin direbobi, amma sai ɗan ƙasa. Ya nemi zama ɗan ƙasa. Da aka kira shi ofishin da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa, surukinsa Wongani Msiska ne ya kai shi, ɗan tasin da ya shayar da rabin 'yan sandan garin lemo, kuma tun bara ya karɓi tasa takardar.

Ma'aikaciyar ofishin ta dubi na'ura, ta dubi Nyirenda.

"Baba, ka taɓa aikata laifi?"

"Ni? 'Yata, duba nan ki ga irin mutumin da ke gabanki."

Ya zaro rasit ya ajiye mata da hannu biyu. Ta karanta a hankali.

"Yawwa, shi nake nema. Ka amsa laifi da hannunka, sunanka na cikin masu laifi. A takardar neman kuma ka rubuta ba ka da ko ɗaya. Laifi ɗaya, ƙarya ɗaya. Ba za ta wuce ba, Baba."

"Ai na biya!"

"Ka biya mana. Shi ya sa aka rubuta."

Wayyo, Nyirenda ya ji kunya, ya ji haushi. Ya fito ya tarar da Msiska ya yi fakin daidai ƙarƙashin allon hana tsayuwa, yana cin gasasshiyar masara.

Nyirenda ya shiga mota ya zauna. Can ya yi ƙasa da murya.

"Suruki, idan mutum zai ba yarinyar can wani abu, nawa ake bayarwa?"

Msiska ya yi dariya har masara ta shaƙe shi.

"Yau kuma? Haba Yaya, a bakin titi ake wannan, kafin biro ya taɓa takarda. Ka makara da shekara goma sha biyar. Ɗaura bel, kada ka jawo wa ɗan ƙasa tara."