Kuncin Hagu

Tsakar rana ce, amma falon gidan da suka aro duhu ne ƙirin in ban da fitilu biyu, domin an toshe tagogi da baƙaƙen barguna don a samu irin duhun da fim ɗin fatalwa yake so. Zafi kamar cikin tanda. Mai kwalliya, wadda abokan aiki ke kira Uwar Jini saboda ita ke haɗa raunuka da jinin ƙarya, tana durƙushe gaban akwatinta sai Darakta ya dangwara mata kwamfuta a cinya.

"Duba min nan. Buɗe idon da kyau, tunda Allah ya ba ki har biyu."

Hotuna biyu ne jere, duka na ƙanwarta Auta, wadda ke fitowa a fatalwar. A na farko dogon tabon da ta haɗa mata yana kuncin hagu. A na biyu ya koma dama.

Nan take ta gane inda ta kwafsa. Kwana tara suka yi tana manna tabon da wani gam mai arha da Darakta ya sayo, har kuncin Auta ya tashi, ya yi ruwa, ya saluɓe, dole aka tsayar da aiki mako biyu. Da aka dawo ba ta nemi hotunan ɗaukar baya ba, sai ta duba wanda Auta ta ɗauki kanta da kyamarar gaban waya, irin mai juya hagu zuwa dama kamar madubi. A haka suka ɗauki ƙarshen fim ɗin, kwana uku cur, babu wanda ya lura.

"Fatalwar tamu tana sauya wa tabonta masauki," in ji mai ɗaukar sauti, yana dariyar mugunta. "Wannan kaɗai ya isa ya tsorata mutane."

"Rufe mana baki!" Darakta ya daka masa tsawa.

Uwar Jini ta juya wajen mai tace fim. "Ba za ka iya juya hoton ba?"

"Na gwada," ya ce ba tare da ya kalle ta ba. "Agogon bango ya koma tafiya da baya, rubutun rigar jarumi ya birkice, bandejinsa ya tsallaka ɗaya hannun."

"Saboda haka yanzu za mu sake," Darakta ya ce. "Mai gidan nan ya ce zuwa gobe mu kwashe tarkacenmu. Ɗauko gam ki mayar da shi hagu."

Ta dubi Auta da ke zaune kan kujerar roba cikin farar rigar da aka yayyaga. Kuncin nan bai gama warkewa ba. Sabuwar fata ce ja, siririya, mai sheƙi, wadda ita da kanta take shafa wa magani safe da yamma da bayan yatsa. Likitan da ya duba ta ya faɗa musu ƙarara: in gam ɗin ya sake taɓa wurin, tabo ne na har abada. Wannan fuskar kuwa ita ta fara wanke ta tun yarinyar ba ta iya zama ba.

"Ba zan sa ba."

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai, ranka ya daɗe. Zan zana mata da fenti."

"Fenti? A kusa-kusa? Kin taɓa ganin rauni shafal kamar zanen yara? Kin ɓata min kwana uku, yanzu kuma ke ce mai sharaɗi?"

Ta shirya wa faɗansa. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne muryar da ta fito daga kujerar.

"Yaya, ki sa min."

"Auta, yi min shiru."

"Ba zan yi ba. Fuskarki ce ko tawa? Shekara huɗu ina fitowa a bayan mutane, ina riƙe faranti, ina faɗuwa matacciya kafin a yi minti biyar. Yau an sa hotona a fastar tallar fim, shi ne za ki tsaya min a hanya? Ke kika yi shirmen, ni zan rasa?"

"Fuskar da za ki ci gaba da nema da ita nake kare miki, sakarya."

"Kare min? Ko dai baƙin ciki? Kin tsufa a bayan kyamara kina dama jan ruwa a kofi, ba kya son a ce ƙanwarki ta wuce ki."

Maganar ta shigi Uwar Jini har ƙashi, idanunta suka kawo ruwa. Kafin ta samu bakin amsawa Auta ta miƙa hannu cikin akwatin ta zaro kwalbar gam ɗin, tana kiciniyar buɗe murfin da haƙori.

"In ba za ki sa ba ni na iya."

Uwar Jini ta cafke wuyan hannunta ta murɗe. Auta ta yi ƙara, ta yakushe ta a damtse, kujerar ta kife. Yayar ta fizge kwalbar, ta ture mai riƙe fitila, ta faɗa banɗaki ta danna sakata. Suna ta dukan ƙofa, Darakta yana zage-zage kamar zai ari baki, ita kuwa ta tuntsurar da gam ɗin cikin magudana ta sakar masa famfo. Kwalba ɗaya ce dama, kuma shagon da ake samunsa tafiyar yini ce. Sai da ta ga ɗigon ƙarshe ya wuce sannan ta buɗe.

Darakta ya dubi kwalbar da ba komai a ciki, jijiyar goshinsa ta miƙe.

"Ku fice min, ke da ita. Zan rufe fuskar wata yarinyar da gashi in ƙarasa, in cire hoton wannan daga fasta. Kuma kowane darakta na sani sai ya ji labarinku."

Auta ta tuɓe farar rigar daga kan kayanta ta jefar a ƙasa. Hawaye na bin kuncin nan ja, wanda gam bai sake taɓawa ba.

"Daga yau kar ki ƙara kira na ƙanwarki."

"Na ji," in ji Uwar Jini, tana rufe akwatinta. "Amma kar ki murza wurin da bayan hannu. Ki bar shi ya bushe da kansa."

Auta ta fita, ta buga ƙofar har bargon taga ɗaya ya zame.