Layi a Wuyan Marina

"Darakta ba ya nan," in ji maigadi, ko kai bai ɗago ba.

Tun farkon mako Mikail tela yake shan wannan amsa. Kullum sai ya rufe shagonsa a Gwale, ya taho makarantar zane ta gwamnati da burushi da ɗan gwangwanin fenti a aljihu, ya koma haka nan. Abin ya ishe shi.

Maƙwabcinsa Malam Gwadabe ne ya aiko shi. Tsohon yana cikin ɗaliban farko na makarantar, daga baya ya koyar a ciki, rabin masu rubuta allon shaguna a birni ta hannunsa suka bi. Shi ya zana hoton marinan Ƙofar Mata suna aikin rini a bangon babban zauren makarantar. Yanzu yana kwance, numfashi sama-sama, kuma abu ɗaya ya hana shi sakat: wa'azin da ya sha ji, cewa mai zana abu mai rai za a ce ya busa masa rai ranar ƙiyama.

"Layi kawai za ka ja musu a wuya," ya ce yana riƙe da hannun Mikail. "In kai ya rabu da jiki, sun tashi daga mutane."

Yau Mikail ya daina lallashin maigadi.

"Baba, mutum fa yana bakin mutuwa! Bango kawai zan gani."

"Kayan gwamnati ne, Malam. Ba a taɓawa."

"To na ji. Buɗe in leƙa."

Maigadi ya yi tsaki, ya jawo makullai.

Zauren sai warin jemage. Mikail ya tsaya sororo. Rufin ya daɗe yana yoyo, damina bayan damina ta wanke saman bangon tas. Ga rijiyoyin rini, ga hannaye shuɗɗa suna matse zane, amma babu kai ko ɗaya. Wannan ne kayan gwamnatin da ba a taɓawa! Haushi da murna suka haɗe masa. Ya fita a guje ya tari adaidaita.

Tun daga bakin lungu ya hango tabarmi a ƙofar gidan Malam Gwadabe.

Gwaggo 'Yardada, matar tsohon, ta yi magana daga bayan ƙyauren soro.

"Mikail ne? Har ya cika yana tambaya ko ka ja layin."

Mikail ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma, gwangwanin da bai ko buɗe ba yana tokare masa cinya.