Manomin da Ya San Ɓauna

Ni na fara ganin sanarwar, don a shagon kwamfutar da nake aiki ake cike irin waɗannan takardu. Gwamnati za ta ɗauki ma'aikata a gandun daji na ƙasa: masu gadi goma sha biyu, direbobi biyu, da magatakarda ɗaya na ofishin bakin ƙofa. Kafin azahar shagon ya cika maƙil. Mutanen da in suka ga ƙadangare a banɗaki sai sun tara maƙwabta, yau duk su ne masu son aikin daji. Kowa da hoton fasfo a hannu, kowa yana cewa in rubuta masa yana ƙaunar dabbobi tun yana goye.

Ni kuwa mutum ɗaya ne ya faɗo mini a rai, wato Yayana. Maharbi ne, a wajen Baba ya gaji sana'ar, kuma a cikin wannan gandun da doka ta hana shiga yake yin ta. Shekarunsa talatin da huɗu, sanarwar kuma ta ce kada mai nema ya wuce talatin da biyar, ga shi ba kowace shekara ake ɗauka ba. In wannan ta wuce shi, shi ke nan, zai ci gaba da sana'ar da ƙarshenta kurkuku ne ko kabari. Abin ya daɗe yana ci mini rai, don ina son Yaya fiye da yadda bakina yake nunawa.

Na same shi a tsakar gida yana liƙe tayar kekensa, Inna tana gefe tana linke wanki. Na karanta musu sanarwar tun daga farko har ƙarshe.

“Ƙanwata, ashe dai ba kya ƙaunata,” in ji shi. “Mutanen da nake wa gudu ne za ki kai ni in zauna a gabansu da ƙafata?”

“Sun san fuskarka ne?”

“Ba su sani ba.”

“To ka gani. Kai dai bar mini komai. Aikina ke nan, na cike wa mutum ya fi ɗari.”

Aikin gadi na nema masa, a gurbin sana'a kuma na rubuta masa manomi. A inda aka tambaya ko mai nema ya taɓa shiga gandun, na danna a'a ba tare da ko ɗar ba. Tunda kuma hannuna yana kan na'ura, sai na cike wa kaina na magatakarda, don ba a ƙin ta mutum biyu a gida ɗaya.

Sai aikin horo. Kullum da yamma in na taso, in zaunar da shi a kan benci in riƙa nuna masa hotunan dabbobi a waya.

“Wannan mene ne?”

“Gwanki ne, namiji. Bai wuce shekara uku ba, dubi ƙahon.”

“Haba Yaya! Manomi ne kai fa. Ina manomi ya san shekarun gwanki? Ka ce jaki ne mai ƙaho.”

“Wallahi kunya ba za ta bar ni ba.”

“Kunya ce za ta ba ka albashi da fansho?”

Inna ta yi dariya har tana share hawaye da gefen zane. “Kowa yana karatu don ya sani, ɗana shi kaɗai yake yi don ya manta,” ta ce. Mako biyu muka yi a haka, har ya iya kallon hoton kura ya ce kare ne bai yi murmushi ba.

Sunanmu ya fito mu duka biyu a cikin waɗanda aka kira ganawa. Ofishin yana bakin ƙofar gandun, ɗaki ne dogo mai bencina da fanka ɗaya da take juyawa kamar an yi mata dole, ga ƙatuwar taswira a bango wadda rana ta cinye launinta. Mutum biyu ne a kan tebur. Ɗaya jami'i ne da aka turo daga hedikwata, mai tabarau da tarin fayel, yana duba agogo kowane minti. Ɗayan shugaban masu gadi ne, dattijo siriri cikin kaki, wanda ma'aikata suke kira Tsoho.

Mai Tabarau ya gama duba takardunmu, sai Tsoho ya miƙe ya ce a wurinsu ba a ɗaukar kowa daga kan benci. Ko direba ne ko magatakarda, sai ya taka dajin da ƙafarsa na awa ɗaya. Na dubi takalmina mai tsini.

Mu ashirin muka shiga a jere. Tsoho yakan tsaya ya nuna wani sawu a ƙasa da sandarsa ya tambayi wanda ya ga dama. Wani ya ce na zaki ne alhali na biri ne. Wani ya ce bai gani ba sam. Sai aka zo kan Yaya.

“Kai fa, dogo? Wannan na mene ne?”

Yaya ya sunkuya, ya sosa ƙeya kamar yadda na koya masa. “Kamar na akuya, ranka ya daɗe.”

Aka kwashe da dariya, don ko ni na ga sawun ya fi ƙarfin akuya. Mai Tabarau ya yi wani ɗan rubutu a takardarsa yana girgiza kai. A nan ne na fara jin kamar horon nawa ya zarce gona da iri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Can wani mai neman aikin direba, mutum mai jiki, ya gurɗe ƙafa a rami. Tsoho ya tsaya ɗaure masa, ya ce mu jira a ƙarƙashin itace. Mai Tabarau ya jira na minti biyar, ya dubi agogo, ya ce shi fa yana da rukuni na biyu da za a gani kafin la'asar. Ga hanya nan miƙaƙƙiya ta cikin doguwar ciyawa zuwa bakin rafi, mu bi shi, Tsoho ya same mu a can. Wa zai yi musu da mai riƙe da fayel? Muka bi shi zugui-zugui.

Ba mu yi taku hamsin ba na ga Yaya ya rage tafiya. Hancinsa ya buɗe, idonsa yana yawo daga ƙasa zuwa sama. Na san wannan fuskar, don haka na matsa na mintsine shi a hannu.

“Yaya, manomi,” na raɗa masa.

Bai ko dube ni ba. Mai Tabarau ya kusa bakin ciyawar.

“Yallaɓai, tsaya nan!”

Ba ihu ya yi ba, amma muryar ta sa kowa ya ƙame. Mai Tabarau ya juyo a fusace. “Kai wa ya ba ka izinin...”

“Rage murya, yallaɓai. Akwai ɓauna a cikin ciyawar nan, mace ce, kuma da ɗa a tare da ita, haihuwar jiya ko shekaranjiya. Ga kashinta nan ko ƙuda bai gama sauka ba. Ga sawun ɗan, har yanzu ƙafarsa rawa take yi. Ka ga tsuntsayen can da suka tashi? A bayanta suke zama. Iska tana zuwa daga wajenta ne shi ya sa ba ta ji mu ba, amma yanzu za ta juya. Kowa ya koma da baya a hankali. Wanda ya ruga, shi za ta bi.”

Ya wuce gaba ya kamo hannun jami'in kamar mai ƙetarar da tsohuwa titi, ya bi da mu ta gefe zuwa kan wani tudun duwatsu. Ni dai ban san lokacin da na cire takalman na riƙe a hannu ba. Daga saman tudun muka hango ta, baƙa ƙirin, ta ɗaga kai tana shinshina daidai inda muka tsaya ɗazu, ɗan jaririnta yana lanƙwashe a gindinta. Mai Tabarau ya zauna daɓas a kan dutse, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Sai da muka koma ofis jininsa ya dawo jikinsa, tare da mulkinsa. Ya sallami sauran, ya ce ni da Yaya mu tsaya. Ya zaro fom ɗin ya shimfiɗa a tebur.

“Na gode da abin da ka yi, ba zan ɓoye ba. Amma nan an rubuta manomi, an kuma ce ba ka taɓa shiga gandun nan ba. Gaskiya ne?”

“Ba gaskiya ba ne, yallaɓai,” in ji Yaya, kansa a ƙasa. “Maharbi ne ni.”

“Ƙarya a takardar gwamnati kenan. Wa ya cike?”

“Ni ce, ranka ya daɗe,” na ce, muryata kamar ta sauro. “Shi bai so ba ma. Ni na matsa masa.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da wayona da iyayina na kashe wa Yaya damarsa, wataƙila ma na miƙa shi ga hukuma da hannuna.

Tsoho, wanda tun shigowarmu yake zaune yana kwance igiyar takalminsa, sai a lokacin ya ɗago.

“Ni tun kafin ɓauna na san ba manomi ba ne,” ya ce. “Mutum ashirin suka shiga daji, sawu goma sha tara nake ƙirgawa. Shi daga kan dutse sai kan saiwa, daga saiwa sai busasshen ganye. Bakinsa yana cewa akuya, ƙafarsa tana ɓuya. Sai da ya juya da sauri ya kamo ka, yallaɓai, sannan ya bar mini guda ɗaya a laka. Na tsaya na duba shi da kyau.” Ya juyo ga Yaya. “Kana taka gefen ƙafar hagu. Kai ne mai bi ta mashayar yamma bayan ruwan sama.”

Yaya ya ce, “Ni ne, Baba.”

“Shekara tara ina bin ka.” Tsoho ya yi wata 'yar dariya. “Na zaci ma gajere ne.”

Mai Tabarau ya fara maganar doka da ƙa'ida. Tsoho ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi ko an rufe karɓar gyara. Jami'in ya duba takardarsa ya ce sai ƙarfe huɗu. Tsoho ya ɗauki biro ya miƙo mini.

“'Yata, ke kika ɓata, ke za ki gyara. Soke manomin nan ki rubuta gaskiya, ya sa hannu. Naki fom ɗin kuma ki ɗauka ki tafi da shi gida, don ba zan ba ki littafin ofishina ba.”

Ban taɓa jin daɗin rasa aiki irin na ranar ba. Na ja layi a kan manomi, na rubuta maharbi da manyan baƙi, na mayar da a'a ta koma i. Yaya ya sa hannu. Mai Tabarau ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya buga mata hatimi ya ɗora ta a saman fayel, ba a ƙasa ba.

“Sunaye sai bayan mako uku,” ya ce. “Amma na masu gadi, abin da shugabansu ya ce shi nake kaiwa.”

Tsoho ya raka mu har bakin ƙofa, ya dafa kafaɗar Yaya.

“Kullum kai ne a gaba ni a baya, har gwiwata ta gaji. In takarda ta fito ka zo ka ci gaba da tafiya a gaban, amma ka riƙa jira na.”

Yaya ya durƙusa har ƙasa, ƙato da shi, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza. Ni ma da na zo in tsokane shi, sai na ji nawa hawayen sun riga ni.