Masakin Tabawa a Yaƙin Swidin da Danmak

Mushe Sallau, wato Malam Sallau, ya shekara goma sha ɗaya yana koyar da tarihi a lakwal ɗin Badaguishiri, yana noman albasa a bayan gari, kuma albasar ta fi ɗaliban ba shi lada. Sai ga labari cewa sufeto Abarshi zai zo duba aikinsa. Sufeton nan in bai gamsu da malami ba, sai ya sa a ɗaga shi zuwa inda ko rijiya babu, balle lambu.

Darasin da ya faɗo ranar kuwa yaƙin teku ne tsakanin Swidin da Danmak, sama da shekara ɗari uku da suka wuce. A ajin duka babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi tafki, har shi malamin.

Saboda haka ya kwashe ƙoren matarsa Tabawa, ya kai aji bakin tafki. Ƙananan ƙore suka zama jiragen Danmak. Babban masakinta na biki ya zama jirgin sarkin Swidin, aka loda masa duwatsu a matsayin igwa.

"In ya fashe, Malam, kai da sarkin naka ku nemi wurin cin tuwo," in ji Tabawa tun a gida.

Sufeto ya tsaya a inuwa da biro a hannu. Aka tura jirage. Iska ta taso, masaki ya juya, ya karkata, ya kife, duwatsu suka nutse. Ɗalibai suka bushe da dariya. Sallau ya ga lambunsa yana yi masa nisa.

"Mushe, wannan mi ne ne?" in ji sufeto.

Sallau ya buɗe littafi don ya ɓoye fuskarsa, sai idonsa ya faɗa kan layin da bai karanta ba jiya: babban jirgin Swidin ya juya cikin iska, ya kife da igwoginsa. Ya miƙa wa sufeto littafin.

Sufeto ya karanta, ya dubi tafki. "Har iskar kun shirya?"

"Mun dai yi ƙoƙari, ranka ya daɗe."

Aka bar shi a Badaguishiri. Masaki ya koma gida lafiya, sai dai Tabawa ta ce daga yau Swidin ta nemi nata.