Alhaji Badamasi Zai Je Ganin Zaki

Shekara talatin da huɗu Alhaji Badamasi ya yi yana fataucin aya da albasa tsakanin Maraɗi da Jibiya, kafin gwiwarsa ta ce ya isa haka. Da ya miƙa wa 'ya'yansa maza harkar, sai autarsa Khadijatul Kubra, wadda ke aikin likita a Abuja, ta ce ita kuma za ta kai shi hutu ƙasar Kenya tare da mahaifiyarta: kwana biyu a birnin Nairobi, biyar a gandun namun daji, uku a bakin teku a Mombasa.

Wata Laraba da hantsi suna cikin layin motoci a iyakar Magama, za su Maraɗi bikin suna. Nagoggo ke tuƙi. Taubashin Alhaji ne, direbansa kuma tun suna da baƙin gemu, don haka babu maganar da yake jin nauyin faɗa masa. Matar Alhaji, Hajiya Ummusalma, tana baya da kwanon alkaki a cinya. Tireloli sun toshe gaba, layi ko motsi ba ya yi. Alhaji ya sayi damin karas mai ganye a hannun wata mai talla, ya ɗora a gaban mota yana ci ɗaya-ɗaya.

Sai ga kiran Kubra na bidiyo. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, kamfanin da ke shirya tafiyar sun aiko da tambayoyi, yau suke son amsa. Ta farko: a daji, ɗakin otal kuke so ko tanti?"

Alhaji ya daina tauna. "Tanti? Ni da na gina bene a Jibiya, in hau jirgi in tahi wata ƙasa in kwana a tanti? Na Mina ma don lada na shiga."

"Ba irin wancan ba ne, Baba. Da gado, da banɗaki, da kafet, har da mai kawo shayi da safe. Manyan baƙi shi suke zaɓa, don daga kan gado kana jin kukan zaki."

Hajiya ta leƙo ta tsakanin kujeru. "Ke Kubra, tantin nan yana da ƙyaure?"

"Zif ne, Mama."

"Zif irin na jaka? To mi zai hana zakin ya buɗe?"

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. Jin cewa na manyan baƙi ne ya riga ya sauya masa ra'ayi. "A rubuta tanti. Hajiya, kwantar da hankalinki, kina tare da jikan Bawa maharbi. Duk garin Bugaje an san kakana ya kashe kura da sanda."

"Ni dai yadda na ji," in ji Nagoggo, "kurar ta tsuhwa, haƙori ɗaya ya rage mata."

Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Kubra ta ci gaba da karanto abin da ake zaɓa: akwai zagayen daji a mota marar gilashi, akwai yawon ƙafa tare da mai gadi, akwai kuma wani ƙaton balan-balan mai kwando da ake hura wa wuta, ya ɗaga mutane sama su hango giwaye da ɓauna suna kiwo.

"Duk a rubuta mini," in ji Alhaji. "Yawon ƙafar ma a sa sau biyu."

Hajiya ta ce ita abin da ke ranta daban. Tunda take ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Jibiya girma ba. Me zai hana a rage kwanakin daji a ƙara na teku? Alhaji ya ce ruwa ai ruwa ne, kallo ɗaya ya isa. Nagoggo ya tsoma baki, ya ce shi bai ga dalilin wannan nisa ba, tunda a nan Nijar ma, garin Kure kusa da Yamai, raƙuman dawa na yawo cikin gonaki, shi da kansa zai iya kai su.

"Akwai teku a Kure?" Hajiya ta tambaye shi.

"Babu."

"To ja motarka kawai."

Ana cikin haka wani Buzu ya taho ta tsakanin motoci yana jan raƙuma uku ɗauke da kanwa. Na bayan ya hango ganyen karas. Alhaji bai gan shi ba, ya duƙufa yana yi wa Kubra bayanin yadda ake tsayawa a gaban zaki, ido cikin ido, ba a ƙiftawa. Sai kawai ya ji huci mai ɗumi a kunnensa. Yana juyowa ya ga leɓe da hanci da manyan haƙora sun cika taga.

"Innalillahi! Nagoggo, an shigo!"

Waya ta yi sama, hula ta yi ƙasa. Alhaji, wanda ya shekara biyu ba ya iya hawa matakala sai da sanda, ya tsallake giya ya faɗa kan Nagoggo, bayansa ya danne hon. Ƙarar ta karaɗe iyaka. Masu canjin sefa suka miƙe, direbobi suka diro daga tireloli. Raƙumin kuwa ya ɗauke damin karas a hankali, ya zare wuyansa, ya bi 'yan uwansa yana tauna.

Buzun ya dawo yana ba da haƙuri. Alhaji ya ɗaga masa hannu kawai. Hajiya ta lalubo wayar a ƙarƙashin kujera, hawayen dariya na bin fuskarta.

"Mama! Me ya faru? Na ga wani hanci!"

"Ba komai, ɗiyata. Jikan maharbi ne ya yi baƙo."

"Wannan na gida ne hwa, Alhaji," in ji Nagoggo yana murza haƙarƙarinsa. "Na dawan ya ninka shi tsawo."

Alhaji ya koma kujerarsa, ya kakkaɓe hula, ya ɗaga gilashi har sama duk da zafin rana. Ya ce ba tsoro ba ne, warin bakin dabbar ne ya bugi ƙirjinsa. Ya karɓi wayar ya gyara murya.

"Kubra, ke likita ce, kin san gwiwata. Yawon ƙafar nan, a cire shi."

"To, Baba. Motar da ba gilashi fa?"

"Ƙura za ta dami ƙirjina. A nemo mai gilashi. Kuma na yi tunani, baiwar Allahn nan shekara arba'in ba ta taɓa roƙona komai ba. A ba ta tekunta. Kwana biyar can, uku a daji."

"Tantin fa?"

Alhaji ya kalli Nagoggo, ya ga yana jiran amsa da baki buɗe. "A bar tantin," ya ce da ƙyar. "Amma a ba mu na tsakiya."

"Ni kuma," in ji Hajiya, "a rubuta mini balan-balan ɗin. Yadda na ga gashin idon raƙumin nan kusa-kusa, wallahi sha'awa ya ba ni."

A daidai nan layi ya motsa. Jami'in da ya duba katunansu ya tambaya ko lafiya aka yi ta danna hon. Nagoggo ya buɗe baki zai ba da labari, Alhaji ya taka masa ƙafa.

Bayan babbar Sallah suka tafi. Hajiya ta hau balan-balan ita kaɗai cikin baƙi, ta sauko tana cewa a sake. Alhaji ya ga zakuna har bakwai daga kujerar tsakiya, a Nairobi kuma ya gano wani mai gasa nama wanda ya ce da za a koya masa yaji da ya yi suna. Amma Mombasa ce ta kama shi. Kullum da hantsi sai ya naɗe wando ya shiga ruwa iya gwiwa, ba ya fitowa sai an kira azahar.

Hajiya ta dawo da ruwan teku cike da gora, don matan unguwa ba su yarda cewa duk wancan ruwan da gishiri yake ba. Aka zauna a tsakar gida ana zagayawa da cokali. Hasiya maƙwabciyarta ta ɗanɗana, ta yatsine fuska, ta sake ɗanɗanawa.

"Gaskiya ne, Hajiya," ta ce. "Amma hannun mai zubawar ya yi nauyi."