Siyanar Yaya Zubaidatu

Da aka rufe sashen da Usaid yake aiki a wata masana'antar robobi da ke Chikaji, bai zauna jiran a sake kiransa ba. Ya daɗe yana kallon bidiyon masu goge mota a wayarsa, yadda za a kawo mota ta koɗe kamar tsohon kwano, a bi ta da inji, ta fito tana ɗaukar ido. Masu wankin mota a Samaru sun fi a ƙirga, amma bai san ko mutum ɗaya mai wannan aikin ba. Sai ya nufi Sabon Gari, shagon Madam Chinelo mai sayar da fentin mota.

Chinelo a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Ta ajiye masa inji biyu a kan tebur.

"Wannan juyawa kawai yake yi, da ƙarfi, na ƙwararru ne. Wannan kuwa yana juyawa yana rawa, ba ya tara zafi wuri ɗaya. Shi ɗan koyo yake ɗauka. Ka taɓa riƙe inji?"

"Na yi shekaru ina aiki da injuna, Madam."

"Ba injin roba nake nufi ba."

Ya yi dariya, ya ɗauki mai ƙarfin, don shi ya fi gani a bidiyo. Ta nuna masa soso mai laushi da ake maƙala wa injin, ya ga kamar na wanke-wanke, ya zaɓi na ulu. A cikin man gogewa kuma ya ɗauki mafi kaushi, a ganinsa man da zai cinye babban ƙarzane ai ƙarami ba zai gagare shi ba. Chinelo ta ɗaure masa kayan, ta ce ya bi ta wajen 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, ya samo tsohuwar ƙofar mota ya fara koyo a kanta. Ya ce to. Bai bi ba.

Motar farko da ya samu ta yayarsa ce, Zubaidatu, da ke aure a Palladan. Baƙar Siyana ce da mijinta Umar Farouk, wanda take kira Abban Naila, ya saya mata bara. Ya ce daga Kwatano aka kawo ta, wai wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, kasuwa kawai take zuwa da ita. A cikinta Zubaidatu take kai 'ya'yanta da na maƙwabta makaranta, in biki ya tashi kuma ita ke kwasar matan dangi.

Ranar Asabar da hantsi Usaid ya wanke motar a tsakar gida, ya tsane ta, ya fara da babbar ƙofar dama. Da farko abin ya yi kyau, har ya ga fuskarsa a jikin ƙarfen. Daɗi ya kama shi, ya ƙara wa injin gudu, ya danna shi a kan wani ƙarzane da ya ƙi fita. Sai ya ji wari kamar an ƙona taya. Ya ɗaga injin. Ulun ya yi baƙi ƙirin, a tsakiyar ƙofar kuma ga wani fili fari fat, faɗin tafin hannu.

"Innalillahi," ya ce. Ya goga da rigarsa, ya zuba ruwa, ya sake gogawa. Farin na nan. Ya tsuguna a gaban ƙofar.

A haka Zubaidatu ta fito da kofin zoɓo ta same shi. Ta dubi ƙofar, ta dube shi.

"Usaid, me ka yi mini?"

"Yaya, wallahi kuskure ne. Injin ne ya ci fentin. Zan kai ta a gyara."

Bai ji ta yi faɗa ba. Ta ajiye kofin a ƙasa, ta matso ta sa yatsa a wurin.

"Motar nan baƙa ce fa tun daga can, haka Abban Naila ya ce. Farin nan daga ina? Wannan ruwan ɗorawan kuma na mene ne?"

Sai a lokacin ya lura. A gefen farin akwai wani lanƙwasasshen zane ruwan ɗorawa, a ƙarƙashinsa launin katako.

"Ci gaba," in ji ta.

"Yaya, ƙara ɓaci za ta yi."

"Na ce ka ci gaba."

Ya kunna injin. Baƙin fentin bai da kauri ko kaɗan, yana taɓa shi yake tashi. Zanen ruwan ɗorawan ya zama mariƙi. Launin katakon ya miƙe ya zama dogon akwati, mai faɗi ta sama, tsukakke ta ƙasa, an zana furanni a kan murfinsa. A ƙasa lambar waya ta fara fitowa. Usaid ya kashe injin.

Don ya tabbatar ba idonsa ba ne, ya ɗauki hoto ya tura wa Chinelo. Nan take ta kira, ya buɗe muryar yadda yayarsa za ta ji.

"Usaid, ina ka samo wannan? Motar ɗaukar gawa ce! A can garinmu na asali irinta ake haya ranar jana'iza. Fenti kawai aka watsa mata a kan tsohon, ko kankarewa ba a yi ba. Ku duba baya, za ku ga inda aka cire ƙarafan da ake tura akwati."

Zubaidatu ta zagaya ta buɗe bayan motar, ta yaye shimfiɗar ƙasa. Ga ramukan ƙusa nan a jere, layi biyu, sun miƙe har ƙarƙashin kujeru. Ta daɗe tana mamakin yadda kujerun baya suka bambanta da na gaba, ba ta taɓa tambaya ba. Ta dafe ƙirji ta zauna a bakin rijiya.

Ana cikin haka Umar Farouk ya shigo, ya dawo daga aski. Ya ga ƙofar, ya tsaya cak. Usaid ya jira ya ji ya yi salati, ko ya tambayi me ke nan. Bai yi ko ɗaya ba. Ya cire hula ya riƙe kawai. Wannan shirun ya fi zanen akwatin girgiza Usaid.

"Ka sani ke nan," in ji Zubaidatu.

"Mota ce dai, Zubaidatu. Injinta lafiya lau. Na sa an wanke ta ciki da waje, na sa an yi addu'a kafin in kawo miki."

"Tsohuwar Baturiyar fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ranar da zazzaɓi ya kayar da Naila, a nan baya na shimfiɗe ta, a miƙe, har asibiti. Kai kake tuƙi. Kana kallona ta madubi, ba ka ce komai ba."

"Ina za ni da ke da irin wannan magana a ranar?"

"Gawa ba ta ba ni tsoro, Abban Naila, kowa can za shi. Da ka gaya mini, wataƙila da na shiga da bismillah. Amma ka zauna ka ƙirƙiro mini Baturiya, har da kasuwar da take zuwa."

Ta tashi ta shige ɗaki. Usaid ya fara ba da haƙuri, Umar Farouk ya ɗaga masa hannu, ya ce ya naɗe wayar injinsa kawai.

Kafin la'asar labari ya gama layin. Maƙwabta suka yi ta shigowa da sunan gaisuwa, idonsu na kan ƙofar. Zubaidatu ta ajiye makullin a kan talabijin, ta samo mai Keke da zai riƙa kai yara makaranta. Ba ta sake shiga motar ba, ko bayan an gyara ta. Mijin ne ya koma zuwa ofis da ita.

Ranar Litinin ɗin da za a kai ta wajen mai fenti a Sabon Gari, Umar Farouk ya tuƙa, Usaid na gefensa, don shi ya yi ɓarnar. Sun rufe zanen da kwali, iska ta ɗauke shi tun kafin su hau babban titi. A Kwangila suka tarar da cunkoso. Wani ɗan acaɓa ya dubi ƙofar, ya dubi fuskokinsu, ya ja babur ɗinsa gefe yana yi wa na gaba tsawa su ba da hanya. Motoci suka dare. Da suka zo wucewa, wani dattijo mai sayar da rake ya miƙe tsaye ya ɗaga musu hannu.

"Allah ya jiƙan rai. Allah ya ba ku haƙuri."

Usaid ya dubi mijin yayarsa. Umar Farouk ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan titi.

"Amin," ya ce a hankali, ya wuce.