Awon Matar Tela

Matar tela ba ta taɓa sanin awon jikinta ba. Ina ruwanta? Shekara ashirin da tara mijinta ne ke yi mata ɗinki. Nata dai ta sa, ta juya gaban madubi, ta ce wuyan bai yi ba, don kawai ta ji ya ce, "To cire ki ba ni in kai wa wata."

A ɗakin karatu take aiki, kuma aikin ba na zama ba ne kamar yadda mutane ke zato. Ta hau tsani ta jera littattafai a kantar sama, ta durƙusa ta zaƙulo na ƙasa, amma da yamma za ta fito tsaf kamar yanzu ta shiga. Doguwar riga ce mai launi ɗaya, hannun ya tsaya inda ba zai sharo ƙura ba, ga aljihu biyu a ɓoye cikin ɗinkin gefe, ɗaya na makullai, ɗaya na tabarau. Abokan aikinta suna ce mata 'yar gayu, ita kuwa ba ta taɓa musu ba.

Da mijin ya rasu, riguna shida masu kyau ya bar mata. Ɗaya zif ɗinta a baya yake, kuma shi ke ja mata, don haka ta ninke ta ta ajiye. Sauran biyar ta yi ta juya su har shekara uku. Kullum da safe takan tsaya gaban madubi, maganar wuyan ta zo mata har baki, sai ta haɗiye. Keken ɗinkinsa na nan a kusurwar ɗaki, a lulluɓe. Kewarsa ba ta ragu ba, ta dai koyi fita da ita.

Sai rigunan suka fara matse ta. Ran nan tana kan tsani, ta miƙa hannu, shuɗiyar rigar da ke jikinta ta ce ɓarr a hammata. Ta ƙarasa wunin hannunta manne da jiki, ta dawo gida ta zauna bakin gado ta yi kuka.

'Yarta, wadda aure ya kai nesa, ta ce mata a waya, "Mama, ki shiga shago ki sayi ɗinkakke mana, kowa haka yake yi."

"Ni ce kowa?" in ji ta.

Abu ɗaya ta ƙudura: za ta ci gaba da fita yadda ya saba fitar da ita, kuma babu baƙon da zai zagaya mata tef a jiki. Ta buɗe aljihun kekensa ta ɗauko littafin awo, ta sayi yadi, ta nufi shagon wata mai ɗinki a ƙasan wani bene.

"Mama, bari in gwada ki," in ji mai ɗinkin, tana ciro tef daga wuyanta.

"Ba sai kin wahala ba. Ga awo nan, na wanda ya fi ki sanin aiki."

Mai ɗinkin ta dubi shafin, ta dubi matar. Ta ce a dawo bayan mako guda.

Rigar ta fito da kyau, sai dai ko kafaɗa ta ƙi wucewa. Matar tela ta yi ta kokawa da ita a ɗaki, kanta a ciki, hannuwa a sama, ba mai jawo ta ba mai yi mata dariya. Da ƙyar ta kuɓuta. Washegari ta koma shagon rai a ɓace, da sabuwar rigar da kuma shuɗiyar a matsayin shaida.

"Kin lalata min yadi! Ga tasa, ga taki, littafi ɗaya."

Mai ɗinkin ta karɓi rigunan. Ta shimfiɗa shuɗiyar a tebur ta ɗora tef.

"Mama, littafi ya ce ƙugu talatin da huɗu. Wannan rigar arba'in da ɗaya ce."

"Tef ɗinki ne ba daidai ba."

"To duba da kanki."

Ta sa tabarau ta duba. Sannan ta jawo littafin ta fara komawa baya, shafi bayan shafi. Kowace shekara ya rubuta kwanan wata, kuma kowace shekara talatin da huɗu, har zuwa shafin da tawadarsa ta koɗe. Sai yanzu ta tuna yadda yake zagaya mata tef, babban yatsansa a kan lambar, yana cewa, "Kina nan yadda kike." Ashe littafin don idonta yake rubuta shi, yankan kuwa da nasa idon yake yi. Ita kuma ta ɗauko ƙaryar da ya yi mata don ƙauna ta kawo wa baƙuwa ta ɗinka.

"Maƙaryaci," ta ce a hankali. Ta nemi kujera ta zauna.

Mai ɗinkin ta juya shuɗiyar ciki waje don ta ga inda ta yage, sai ta tsaya. Ta bi ɗinkin gefe da yatsa tun daga hammata har ƙasa.

"Mama, wa ya ce miki sai kin yi sabuwa? Duba nan. Ya bar yadi inci uku a kowane gefe, ya ninke ya danne da ƙaramin ɗinki yadda ba zai dame ki ba. Mu rabin inci muke bari. In haka ya yi wa sauran, kina da rigar sawa har shekara goma nan gaba."

Matar tela ta taɓa ninkin. Shuɗin nan yana nan da duhunsa, rana ba ta taɓa ganinsa ba. Wannan ce rigar ƙarshe da ya ɗinka mata, lokacin da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, yana yi yana hutawa. Ya san ba zai ga shekarun ba.

"In farke duka?" in ji mai ɗinkin, ta ɗauko reza.

Matar ta daɗe ba ta saki rigar ba.

"Inci ɗaya kawai, 'yata," ta ce. "Bar min sauran."